Goɗiyar Malama Hadiyya

Duk wanda ke bin titin Yalwawa a Dutse ya san Hadiyya, ko da bai san sunanta ba. Ita ce mai koren keken hannu, wadda ke murza shi da gudu har 'yan adaidaita sahu su riƙa danna mata hon suna dariya. Shan-inna ne ya kama ta tun tana ƙarama a rugarsu ta wajen Jahun, ya tafi da ƙafafunta biyu. Abin da ya bar mata shi ne kafaɗu irin na 'yan dambe da bakin da magana ba ta kwana a cikinsa. A kan keken nan ta yi firamare da sakandare, a kansa ta je jami'a a Kafin Hausa ta karanto lissafi. Ƙasarsu a shimfiɗe take kamar tabarma. Garin ma da ake kira Dutse, duwatsunsa na can gefe abinsu, ba su tare wa kowa hanya ba.

Aiki ne ya gagara. Ta sha shiga ofis da takardunta a karɓe ta da fara'a, a duba a jinjina kai, sai idon mai dubawa ya sauka kan ƙafafunta, daga nan a ce za a neme ta. Har ta gaji da jira ba wanda ya neme ta.

Wadda ta neme ta daga ƙarshe ita ce Mama Patricia, tsohuwar maƙwabciyarsu. Mijinta ya daɗe yana aikin gwamnati a Dutse, da ya yi ritaya suka koma garinsu Gembu, can kan tsaunin Mambila, ta buɗe 'yar makarantar sakandare. Wata ranar Laraba ta bugo waya.

"'Yata, malamin lissafi nake nema. Duk wanda na kawo daga ƙasa, sanyi ke kore shi kafin zango ya ƙare. Amma ba zan ɓoye miki ba, garinmu hawa ne da gangara. Ko ƙwarya kika ajiye sai kin tokare ta da dutse."

"Mama, akwai allo? Akwai yara?"

"Akwai."

"To ina nan tafe."

Tun rasuwar mahaifinsu, yayanta Haisam ne ke riƙe da gidan. Dillancin shanu yake yi tsakanin Taura da Jahun, kuma ba shi da rowa, sai dai yana son a ji maganarsa. Da ya ji labari ya zo ya tsaya a kanta a tsakar gida.

"Me kika rasa a gidan nan? Ci ko sha?"

"Yaya, ci da sha ai har akuyar Inna tana samu."

"Kin san inda za ki kuwa? Masu ƙafa biyu ma gudowa suke yi."

"Shi ya sa wurin ya samu."

Inna Safara'u ta yi kuka, ta yi rarrashi, da ta ga ba ci gaba sai ta shiga ƙulla mata kuka da kuɓewa da dabino. Haisam ya kai ta tasha fuska a murtuke, ya biya wa keken kuɗin kaya, ya juya bai jira motar ta tashi ba.

Sai da suka kwana a Jalingo. Washegari da rana tsaka, bayan sun wuce Serti, direba ya tsaya ya duba burki ya zuba wa mota ruwa, ya ce kowa ya yi addu'ar da ya iya. Hadiyya ta ɗauka wasa yake. Hanya ta fara naɗewa a jikin tsauni, hagu dutse, dama rami wanda ba a ganin ƙarshensa. Kunnuwanta suka toshe, ta yi amai a leda har ba abin da ya saura. Da ta ɗago sai ta ga gajimare a ƙasa da su, yana kwance cikin kwari kamar auduga. Daga nan ƙasa ta buɗe, tudu bayan tudu, kore shar, shanu sun barbazu ba makiyayi a bayansu, ga itatuwan turare dogaye sun yi layi. Wata iska ta shigo ta taga ta ratsa mayafinta har ƙashi. Ta ja gilas ta rufe, ta cije leɓe.

Mama Patricia ta ba ta ɗaki a cikin gidanta, ta ba ta barguna masu nauyi da rigar sanyi ta mijinta. Makon farko kusan komai sai da ya juya mata baya. Ruwan alwala da asuba kamar an narkar da ƙanƙara. Ta yi wanki ta shanya, kwana da kwanaki kayan na kan igiya suna ɗiga, da ta kwashe sun fara warin ruma. Ta ɗora wake tun hantsi, har azahar yana ƙwas-ƙwas a baki. In ta ɗan yi motsi mai ƙarfi sai numfashi ya gaza ta, ƙirjinta ya yi kamar an ɗora masa buhu. Mafi muni ƙafafunta. Dama jini bai cika gudana a cikinsu ba, sai suka riƙa sanƙarewa suna yin shuɗi, su yi ta zugi har ta rasa inda za ta sa su.

"Kowa haka yake farawa," in ji Mama Patricia. "Iskarmu ba ta da kauri. Ki ba jikinki lokaci."

Ta koya mata cika kwalba da ruwan zafi a zura cikin safa a sa tsakanin ƙafafu. Ta nuna mata igiyar da ke saman murhu a madafa, inda kowa ke shanya, kaya su bushe da warin hayaƙi. Wake kuwa sai an jiƙa shi ya kwana, a jefa kanwa, a danne murfi da dutse. Hadiyya ta koyi cin gwaza da fiya da tuwon masara, ta koyi shan shayi ba don marmari ba. In Inna ta bugo waya ta ce lafiya lau, garin akwai daɗi, sai ta kashe ta ci gaba da karkarwa.

Duk waɗannan masu sauƙi ne a kan hanyar makaranta. Gidan na cikin kwari, makarantar na kan tudu, tsakaninsu jar hanya ce mai zaizaya wadda ruwa ya farfasa. Ranar farko ta hau kekenta ta murza da duk ƙarfin da take taƙama da shi. Bai kai tsawon gida biyu ba ya tsaya, ya fara komawa da baya. Ɗalibai suka rugo suka tura ta har sama, suna nishi suna dariya. Ta yi musu godiya, amma abin ya tsaya mata a rai. Yaran da za ta shiga aji ta tsare da ido ta ce ina aikin gida, su ne ke turo ta kamar buhun gawayi a baro.

Ta gwada acaɓa. Sai ɗan acaɓa ya sungume ta ya ɗora, ya sungume ta ya sauke, a gaban jama'a, ranar da aka tashi da ruwa kuwa ko ƙeyarsu ba a gani. Gembu kuma ruwa ba ya neman izini, da safe ne ko da rana.

Mutanen garin ba su da mugunta, tausayi ne ya yi musu yawa. Duk inda ta gifta sai ta ji ana cewa, "Wayyo, baiwar Allah." Mai tumatir ya ƙi yin ciniki da ita, ya ce ta ɗauka kawai. Wani dattijo ya taɓa tarar da ita a bakin masallaci tana jiran ruwa ya tsagaita, ya laluba aljihu ya ajiye mata sadaka a cinya. Ta kira shi.

"Baba, ka yar da abu."

"A'a, naki ne, 'yata."

"Ni malama ce, Baba. Albashi nake ci. Ka kai wa mai buƙata, Allah ya ba da lada."

Ya karɓa yana kallonta kamar ta zage shi.

Wata ranar Alhamis aka tashi daga makaranta bayan an sheƙa ruwa. Yara suka zo za su riƙe mata keke a gangara kamar kullum, ta ce su tafi, yau da kanta za ta sauka. Ta danne burki ta fara bi a hankali. A kwanar farko taya ta daina juyawa amma keken bai daina tafiya ba, sai sulɓi yake a kan laka. Ta ja burki har ƙarfen ya lanƙwashe a hannunta. Ta ga itatuwa na wucewa, ta ji ihu a bayanta, sai ta tsinci kanta a cikin wani kurmin ayaba, keken a kanta, jini na bin fuskarta. Aka ɗinke mata goshi a asibiti, aka ɗaure wuyan hannunta na hagu.

Mama Patricia ta zauna a bakin gadonta da kofin shayi.

"Na gaya wa Innarki. Kar ki harare ni, amana aka ba ni. Yayanki ya ce da ya sallami wasu shanu zai zo ya tafi da ke." Ta miƙa mata kofin. "In kin ce za ki koma, ba wanda zai ga laifinki. Ni ce na yi gangancin kiran ki."

"Mama, na iya koyarwa ko ban iya ba?"

"Yara ba su taɓa son lissafi kamar bana ba."

"To tudu ne kawai matsalar. Ba zan bar aiki saboda tudu ba."

Tana jinya a barandar gidan ne ta fara lura da masu saukowa daga rugage ranar kasuwa. Da yawansu a kan dawakai suke, gajeru masu kaurin ƙafa, suna bin jar hanyar nan da ta kayar da ita ba ko tuntuɓe. A cikinsu akwai wani tsoho, Baba Ashafa, kakan wata ɗalibarta, wanda ya biyo ya yi mata sannu. Ta gaishe shi da Fulatancin Jahun, ya yi dariya har da tari, ya ce Hausa ta cinye rabinsa. Da suka gama gaisawa ta ce,

"Baba, doki nake so."

Ya dube ta, ya dubi ƙafafunta, bai ɓoye ba.

"Mace ba ta hawa doki ta ratsa gari, Malama."

"Don tana da ƙafar takawa ne."

"Kuma shi doki da ƙafa ake yi masa magana. Ki matse shi ya tafi, ki sassauta ya tsaya."

"Sai a koya masa jin hannu da baki. Shanun Baffana da fito kaɗai suke juyawa."

Tsohon ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce zai yi tunani, ya tafi. Ta ɗauka shi ke nan. Kasuwa ta zagayo sai ga shi yana jaye da wata tsohuwar goɗiya, ja, gajera, mai faɗin baya da idanu kamar na mai jin barci. Ya ce ta daina haihuwa, ta daina gudu, ko bindiga aka harba a kunnenta sai ta gama tunani kafin ta motsa. Suka daidaita. Hadiyya ta sa mata suna Jahun, wai bayanta ne kaɗai shimfiɗaɗɗen wuri a duk faɗin Gembu.

Ta sa baduku ya ɗaga wa sirdin gaba da baya yadda zai tallafe ta. Ta so a sa maɗauri a ɗaure ta a jiki, Baba Ashafa ya hana.

"In za ki faɗi, gara ki faɗi ke kaɗai, kar ta ja ki a ƙasa."

Wani kafinta mai suna Lazarus ya yi mata dakalin katako mai matakala a ƙofar gida, ya yi wani a makaranta. Takan ja jiki da hannu ta hau dakalin, goɗiyar ta matso, ta kama sirdi ta ɗaga kanta, sannan ta ɗauki ƙafa ɗaya da hannu ta tsallakar. Keken da aka gyara aka bar shi a makaranta, da shi take zagaya aji. Kullum bayan la'asar tsohon kan zo su fita fili. Ta koya wa Jahun tafiya in ta ji tsaki biyu, tsayawa in ta ji an ja sunanta da tsawo, juyawa da taɓin 'yar sanda a wuya. Ta faɗi ba sau ɗaya ba. Cinyoyinta suka saluɓe, bayanta ya riƙa ciwo kamar an yi mata duka. Ga yankan ciyawa, ga dusa, ga kwashe kashi, duk sai ta tsaya a kai. Amma ranar da ta fara hawa tudun makaranta ita kaɗai, ta ga rufin gidaje na yin ƙasa, kanta ya kai tsayin da bai taɓa kaiwa ba, sai ta ja linzami ta tsaya tana kallo. Yara suka fito suna tafi. Ta daka musu tsawa ta ce kowa ya shiga aji ya fito da aikin gida.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce abin kunya ne, wasu suka ce Bahaushiyar nan ba ta da tsoro, yara suka riƙa bin ta a baya. Wata mata ta ce mata a kasuwa ko maza ma sai su yi tunani. Hadiyya ta ce, "To su yi ta yi," ta yi wa goɗiyarta tsaki ta wuce.

Haisam ya iso wata ranar Lahadi da yamma, fuska ta yi fari, leɓe ya bushe, yana rungume da jikinsa cikin 'yar shadda. Ko zama bai yi ba ya ce ta haɗa kaya, gobe da sassafe akwai mota. Idonsa na kan tabon goshinta.

"Gobe Litinin, Yaya. Ina da aji."

"Aji ya ci ƙaniyarsa. Inna ba ta barci. Jira kike a kawo mana gawarki a bayan akori-kura?"

"Ka huta tukuna. Gobe ka raka ni ka ga inda nake aiki, sai mu yi magana."

Da safe aka tashi da yayyafi, gajimare ya sauko har cikin gida. Haisam ya fito cikin rigar sanyin aro ya tarar da ita a kan dakali tana ɗaure majayin sirdi. Ya tsaya baki buɗe yana kallo har ta hau ta gyara mayafi.

"Hadiyya, kanki ɗaya kuwa? Wa ya ba ki wannan shawarar?"

"Ni na ba kaina. Mu je, kar in makara."

Suka kama hanya, tana sama yana ƙasa. Kafin su kai rabi ya fara haki, yana dafa gwiwa, amma bai yarda ya tsaya ba. Da suka zo kwanar da ta taɓa kayar da ita, ya ga yadda laka ke sheƙi, ya ga ramin da ke gefe, sai ya kai hannu ya damƙe linzami.

"Sake ta, Yaya. Ta san hanya."

"Ba zan sake ba."

"Ba ta san ka ba. Sake!"

Ya ja ta nan, ita ta ja ta can. Goɗiyar ta rikice ta ɗaga kai, ƙafarta ta baya ta zame, ta durƙusa. Hadiyya ta sulmiyo ta gefe ta faɗa cikin laka tim, littattafan yara suka watse.

Haisam ya yi salati ya sunkuyo zai ɗauke ta.

"Kar ka taɓa ni."

"Hadiyya..."

"Na ce kar ka taɓa ni! In ka ɗauke ni yau, gobe wa zai ɗauke ni? Kana Taura."

Ya ja da baya, hannuwansa a buɗe, bai san inda zai sa su ba. Masu wucewa suka fara taruwa. Wani ya matso, ta ɗaga masa hannu, ya tsaya. Ta share laka daga idonta ta duba. A gefen hanya akwai gaɓa inda aka yanke tudu, tsayinta ya kusa kai cikin goɗiyar. Ta ja jiki cikin taɓo ta nufe ta, ta kama saiwar wani itace ta fara hawa. Saiwar ta tsinke ta dawo ƙasa. Ta sake kama wata, ta kafa gwiwar hannu, wuyan hannun da bai gama warkewa ba yana mata kamar zai ɓalle. Numfashinta ya riƙa fita da ƙara. Da ta kai sama ta kwanta rub da ciki har ƙirjinta ya lafa, sannan ta tashi zaune ta kira, "Jahun." Goɗiyar ta tsaya tana kallonta, ta gama tunaninta, ta tako ta jera da gaɓar. Hadiyya ta kama sirdi ta ja kanta, ta tsallakar da ƙafa da hannu, ta zauna daidai.

Ta dubi yayanta. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Miƙo mini littattafan nan, Yaya. Wannan kam ka iya taimaka mini."

Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya yana goge su a jikin rigar aro. Ta shiga aji a makare, laka tun daga mayafi har zani, ta ɗauki alli ta rubuta darasi. Ba yaron da ya yi gigin dariya. Haisam ya zauna a kan wani benci a baranda har aka tashi, yana jin muryarta ta taga.

Bai sake cewa ta haɗa kaya ba, amma bai ce ya yarda ba. Washegari a tasha ya tsaya a gefen goɗiyar yana kallon wani wuri daban.

"Ni dai ban ga abin da kika gani a garin nan ba. Zan gaya wa Inna abin da idona ya gani."

"Ka gaya mata duka, har da hawan."

Ya duba haƙoran goɗiyar don sabo, ya ce ta tsufa da yawa, a riƙa ba ta kanwa. Ya shiga mota.

Damina ta yi nisa. Numfashinta ya daidaita har ta manta yaushe ta daina haki. Ƙafafun dai ba su daina zugi ba, kuma har yanzu takan yi mafarkin ranar Dutse, irin wadda ke busar da wanki kafin a gama shanya. Ta san lokacin da gajimare ke nufin ruwa da lokacin da wucewa kawai zai yi. Ta san wace kwana ake bi ta ciki, wace ake bi ta waje.

Wata Asabar da hantsi tana tsakar gida tana duba jarrabawa sai ta ji ana kwaɗa sallama kamar za a ɓalle ƙofa. Maƙwabciyarsu ce Rabi'atu, mai gonar masara a bayan gida, mace mai sanyin murya wadda kullum sai ta rage sauti in za ta gaishe ta. Yau ɗankwali a hannu ta shigo, tana jaye da Jahun, bakin goɗiyar cike da ganyen masara.

"Malama, fito ki ga aikin dabbarki! Masarar da na yi wata da watanni ina bauta wa, ta bi layi guda ta aske shi tas. Wallahi ba zan yarda ba. Ke wace irin mata ce da ba za ki iya ɗaure dabbarki ba?"

Mama Patricia ta fito da sauri tana cewa, "Haba Rabi, ki dubi halin da..."

"Ba abin da zan duba! Da ta san hawa ai ta san ɗauri."

Hadiyya ta ajiye jan biro a hankali. Tun da ta zo garin ba wanda ya taɓa ɗaga mata murya. Ta ji wani daɗi ya ratsa ta, ta danne shi, ta haɗe fuska.

"Dakata, Yaya Rabi. Shingenki fa? Tun yaushe nake gaya miki ya faɗi ta wajen rafi? Awakin unguwar nan kaf ta nan suke shiga, ba ki ja ko ɗaya kin kawo ba sai tawa, don ita ce ba ta gudu."

"Au, laifina ne ma?"

"Rabi naki, rabi nata."

"To mu je gaban Jauro!"

"Mu je. Bari in sa sirdi."

Haka suka ratsa unguwa zuwa gidan mai unguwar, Rabi'atu a gaba tana faɗa tana waiwaye, Hadiyya a bayanta a kan wadda ake ƙara tana mayar mata ɗaya bayan ɗaya. Jauro ya saurare su a zaure yana ƙoƙarin riƙe dariya. Ya yanke cewa Malama za ta riƙa ba Rabi'atu takin goɗiyar har a girbe masara, ta kuma sayi igiya mai ƙwari, ita kuma Rabi'atu ta tayar da shingenta kafin Juma'a.

"Allah ya ja zamaninka, takin zan bayar," in ji Hadiyya, "amma ita za ta riƙa zuwa kwasa."

"Ji ta fa!" in ji Rabi'atu. "Har gida za ki aiko mini."

Jauro ya ce su je waje su ƙarasa. Suka fito ana yayyafi, suka kama hanyar gida tare, ba wadda ta sassauta. Sai da suka kai gangara Rabi'atu ta tsagaita, ta miƙo ƙullin ganyen da ta saya a hanya ta ce a rataya mata a sirdi, hannunta ya gaji. Hadiyya ta karɓa ta rataya, suka ci gaba daga inda suka tsaya.